Yadda za ka kare dashbod daga rana, ka kuma gano matsalar wutar mota da kanka kafin a fara yanka maka waya

Duk wanda ya riƙe Camry ɗin nan da ake ce wa Muscle, wato ƙirar 2007 zuwa 2011, ya san abin da zan faɗa. Watan Afrilu ne, na ajiye tawa a filin masallaci ranar Juma'a ba inuwa ko kaɗan, da aka idar na dawo na ɗora hannu a kan dashbod zan ɗauki takarda sai na ji hannuna ya manne kamar na taɓa alewar da ta narke, takardar ma da kyar ta ɓanɓaru ta bar rubutunta a jiki. Daga ranar kullum ƙara danƙo yake yi yana ƙyalli, in rana ta take ƙyallin ya haska cikin gilas har ba ka ganin titi sosai. Wannan matsala sananniya ce a ƙirar, har kamfanin Toyota sai da ya riƙa canza wa mutane dashbod a Amurka, amma mu da muke sayen na hannu daga Kwatano ba mai canza mana, mu za mu kula da abinmu.

Abin da ke faruwa ba wani sihiri ba ne. Hasken rana yana ratsa gilas ya sauka a kan baƙar roba, robar ta sha zafi, zafin kuma ba shi da hanyar fita tunda an rufe ko'ina. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano inda zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, saman dashbod yana iya wuce digiri 70. Robar akwai sinadarin da ke sa ta laushi, zafi ne ke fitar da shi a hankali, shi ne wannan hazo-hazon mai maiƙo da kake gani a cikin gilas ɗin gaba wanda in ka goge da hannu sai ya ƙara ɓaci. In ya gama fita, wata robar ta bushe ta tsage, wata kuma ta narke ta yi danƙo. Kuma abin da mutane ba sa tunawa shi ne ƙarƙashin wannan robar wayoyi ne cunkus, da soket-soket, da allon mitoci, da rediyo, da akwatin fiyus, duk suna dahuwa tare.

Fara da inda kake ajiye motar

In akwai inuwa, ko da sai ka yi 'yar tafiya a ƙasa, ka bi inuwa. Amma ka lura da inda inuwar za ta koma, don wadda ka gani da ƙarfe tara na safe ba ita ce ta ƙarfe biyu ba. In babu, ka juya motar ta ba rana baya. Sannan ka sayi abin tare rana mai ƙyalli da ake shimfiɗawa a cikin gilas, ana sayarwa a danja da shagunan kayan mota, ɓangaren mai ƙyallin shi ke kallon waje. Ko kwali ne ka yanka daidai gilas ya fi babu. Sitiyari kuma ka jefa masa tawul.

Shimfiɗar dashbod, irin mai gashi-gashi ko mai kama da darduma, tana taimakawa ƙwarai, amma dan Allah a duba abu uku kafin a manna: kar ta toshe ramukan iska da ke bakin gilas, kar ta rufe ɗan ƙaramin idon nan da ke auna rana a motoci masu esi mai sarrafa kansa, sannan mafi muhimmanci kar a manne ta da gam a kan wurin da jakar iska ta gefen fasinja ke fitowa. Wurin akwai rubutu a jiki, ka duba za ka gani. Haka masu jera turare da kwalin tishu da 'yan kayan ado a daidai wurin, in jakar ta fashe duk abin da ke kai fuskar wanda ke zaune zai nufa.

Wajen wanki nan ne ake kashe dashbod da yawa. Yaran wankin mota suna son su ga abu yana walƙiya sai su shafa masa man taya, wani ma har man birki ko kananzir. Ka hana. Tsumma mai laushi da ruwa da ɗan sabulu mara ƙarfi ya isa, a goge a bar shi ya bushe a inuwa, in za ka shafa wani abu to ya zama wanda aka yi don dashbod, mai kare hasken rana kuma mara ƙyalli. In naka ya riga ya fara danƙo gaskiya ba ya komawa yadda yake, duk abin da za ka shafa na kwana biyu ne. Ko ka rufe shi da shimfiɗa, ko masu ɗinkin kujerar mota su lulluɓe shi da leda (ka tsaya a kansu kan maganar wurin jakar iska), ko ka nemi wani a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, shi ma ka shafa shi da hannu a rana kafin ka biya don wani ya fi naka lalacewa.

In ka dawo ka tarar mota ta yi zafi kamar tanda, sauke gilasai duka tukuna, ka kunna fanka ta kori iskar ciki, ka ɗan yi tafiya kaɗan sannan ka rufe ka bar esi ya yi aikinsa. Kar ka watsa wa gilas mai zafi ruwan sanyi, in akwai ɗan tabon dutse a jiki nan take zai ja layi. Kar ka bar waya ko fawa bank ko laita ko gwangwanin maganin sauro ko turaren fesawa a kan dashbod. Yaro kuwa ko na minti biyar ne kar a bar shi a rufaffiyar mota, kuma motar da ke ajiye a gida ko a layi a riƙa kulle ta, don yara kan shiga wasa ƙofa ta rufe da su, mun sha jin irin wannan labarin mai tada hankali.

Yanzu maganar wuta

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne abin da wani mai wayarin ya yi min. Motata ta riƙa ƙin tashi jefi-jefi, musamman in ta sha rana. Na kai masa, bai ko buɗe kan batir ba ya shige ƙarƙashin sitiyari da reza ya fara feɗe wayoyi, ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta fara taɓuwa sai an canza. Allah ya sa ban da kuɗin a lokacin. Wani dattijon direba maƙwabcina ya zo ya kama kan batir na baƙar waya ya murɗa da hannu sai ga shi yana juyawa, ƙarƙashinsa duk farin gari. Sifana mai lamba 10 da sanfefa suka gama aikin, amma wayoyin da aka feɗe har yau ina fama da su. Shi ya sa nake cewa a bi abin daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Kayan da kake buƙata ba su da yawa: mitar auna wuta ta hannu irin ta masu gyaran waya da rediyo, sifana 10, filaya, sanfefa, fiyus na ajiya kala-kala, da wayar jona batir mai kauri.

Mataki na farko, murɗa makulli ka saurara. In ko fitilar dashbod ba ta kawo ba, shiru kake ji, to ko batir ya mutu murus ko kansa ya saki ko babban fiyus ya ƙone. In ka ji ƙat-ƙat-ƙat da sauri fitilu suna lumshewa, wuta ce ba ta isa, batir ya yi sanyi ko kansa ya yi datti. In ƙat ɗaya ka ji mai ƙarfi fitilu kuma suna nan da haskensu, hankalinka ya koma kan kik, wato na'urar da ke juya injin ya tashi. In fitilu sun kawo lafiya amma ko ƙat babu kuma motar otomatik ce, taka birki ka mayar da giya kan N ka sake gwadawa, sau da yawa makunnin da ke gane matsayin giya ne ya gaji. In kuwa injin yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, to ka bar batir ya huta, maganar ta koma wajen mai ko fulogi, ka saurara ko famfon mai yana yin ɗan kukansa na daƙiƙa biyu in ka buɗe makulli.

Na biyu, kan batir. Kashe mota ka cire makulli ka sa a aljihu, don wasu motocin suna kulle kansu in aka taɓa batir. Ka fara cire baƙar waya mai alamar ragi, sannan ja mai alamar tarawa, wajen mayarwa kuma ja ce farko baƙa a ƙarshe. Dalili shi ne in ka fara da ja sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsin da zai tashi yana iya ƙona ka. Farin garin nan ko kore-kore da ke taruwa ka wanke shi da ruwan ɗumi da bekin soda, ka goge da sanfefa ciki da waje har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tamau yadda ba zai juya da hannu ba, sannan ka shafa ɗan giris ko basilin a sama. Masu buga ƙusa ko sukuru tsakanin kan batir don ya kama, wannan na fita daga daji ne kawai, kan batir sabo ba shi da tsada. In batirinka mai murafu ne, buɗe ka leƙa, zafi yana shanye ruwan, in ya sauka ƙasa da farantan ciki ka ƙara ruwan batir tatacce, ba asid ba, ba na rijiya ko fiya wata ba. In ka ga cikinsa ya kumbura ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya gama yayi, kar ma ka kusanto da wuta ko sigari.

Na uku, awo. Juya mita zuwa DC 20, jan tsinke a kan tarawa, baƙi a kan ragi, motar tana kashe ta ɗan huta. Lafiyayyen batir cikakke zai nuna wajen 12.6. In ka ga 12.2 ya sauka kusan rabi, in ya yi ƙasa da 12 yana neman caji da gaggawa. Sai ka sa wani ya tada motar kana kallon mita, lambar za ta faɗi a lokacin da kik ke juyawa amma bai kamata ta yi ƙasa da 9.6 ba, in ta zube zuwa 7 ko 6 batirin ba ya riƙe nauyi ko da ɗazu ya nuna maka 12 da wani abu. Bayan ta tashi ka sake dubawa, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 zuwa 14.7, wato altaneto, na'urar da ke caja batir in injin yana aiki, yana caji. Kunna fitilu da esi ka gani ko zai riƙe sama da 13. In lambar ta tsaya a 12 tana sauka, ba ya caji, kuma ko sabon batir ka saya kwana kaɗan zai mutu. In ta haura 15 caji ya yi yawa, shi ne ke dafa batir yana ƙona ƙwan fitila akai-akai.

A nan sai na roƙe ku abu ɗaya. Wannan gwajin da aka saba, a cire kan batir mota tana aiki a ga ko za ta mutu, a daina shi. A tsohuwar Fijo mai kafireto an yi an wuce lafiya, amma motar yanzu mai ƙwaƙwalwa batir ne ke daidaita mata wuta, in ka cire shi wutar na iya yin tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar ko allon mitoci ko shi altaneton kansa. Mita ta ba ka amsa ba tare da ka yi asara ba. In kuma fitilar batir ta kawo kana cikin tafiya, tsaya ka duba fambel, don a motoci da yawa bel ɗin da ke juya altaneto shi ke juya famfon ruwa, in ya tsinke ka ci gaba da tafiya injin ne zai yi zafi.

Na huɗu, fiyus. In abu ɗaya ne ya daina aiki, ham ko rediyo ko gilas ko wurin cajin waya, fiyus za ka fara dubawa. Yawanci akwati biyu ne, ɗaya a cikin bonet ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, kuma a bayan murfin akwai zanen da ke nuna na kowane. Zaro shi ka ɗaga a haske, in ɗan ƙarfen ciki ya tsinke ya ƙone. Kalarsa ce ke gaya maka ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Irin wanda ka cire shi za ka mayar. In ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, to akwai wayar da ta feɗe tana taɓa ƙarfe, fiyus ɗin aikinsa ya yi. Abin da ke ƙona motoci a kan titi shi ne a ga 10 yana ƙonewa sai a sa 30, ko a naɗa silin waya ko takardar sigari a wurin, daga nan maimakon fiyus ya ƙone sai wayar ta yi ja a ƙarƙashin dashbod inda roba ta riga ta bushe da zafi. Wallahi duk mai gyaran da ka ga zai yi maka haka ka karɓi makullinka.

Rile kuma, waɗannan 'yan akwatunan masu ƙafa huɗu ko biyar da ke cikin akwatin fiyus, gwajinsu da sauƙi. In kana zargin na fankar lagireto ko na esi, nemi wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, misali na ham, ka musanya su. In abin ya tashi ka gano ɓarawon. Ina jin takaicin yadda ake haɗa fanka kai tsaye da makulli saboda rile ɗaya ko na'urar auna zafi da ta mutu, a bar ta tana ta juyawa dare da rana har ta ƙone.

Na biyar shi ne wanda aka fi mantawa, wayar at, wato wadda ta tashi daga ragin batir ta kama jikin mota da injin. Duk wutar da ta fita ta nan take komawa. In ta yi tsatsa ko ta saki sai mota ta fara abu kamar mai aljanu: ka kunna sigina fitilar birki ta riƙa ƙiftawa, ka taka birki fitilar dashbod ta kawo, alluran mitoci su riƙa rawa, kik ya riƙa juyawa da kyar alhali batir sabo ne. Gwajin shi ne ka ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, ka maƙala baki ɗaya a ragin batir ɗayan a wani ƙarfe mai tsabta a jikin injin, ka tada. In ta tashi garau to at ne. Kwance ƙusar, goge wurin da sanfefa har fenti da tsatsa su fita, ɗaure. Wanda aka taɓa sauke masa injin ko giya ya duba wannan da kyau, makanikai suna yawan manta mayar da ita. Sigina mai ƙiftawa da sauri fiye da kullum kuwa yawanci ƙwai ɗaya ne ya mutu a wannan gefen, zagaya ka gani.

Na shida, motar da ke kwana lafiya ta tashi da mataccen batir. In awo ya nuna batir da altaneto lafiya, to wani abu ne ke shan wuta cikin dare. Fara da fitilar but, sa wayarka a bidiyo ka ajiye a ciki ka rufe ka buɗe ka kalla ko ta mutu. Cire cajar da ke maƙale. In ba su ba ne, kashe komai, cire baƙar wayar batir, mayar da jan tsinken mita ramin 10A ka juya ta can, tsinke ɗaya a kan ragin batir ɗaya a kan wayar da ka cire. Kar ka kuskura ka tada mota a haka, mitar za ta ƙone. Ka jira kamar minti 20 zuwa 30 motar ta yi barci, ƙofofi a rufe ko ka danne makunnin ƙofar, abin da ya kamata ka gani bai wuce 0.05 ba. In ya fi haka sosai sai ka riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya kana mayarwa, wanda ka zare lambar ta faɗi, a layinsa matsalar take. Mafi yawan lokuta kayan da aka ƙara ne daga baya, rediyo mai allo, na'urar bin sawun mota, amfilifaya, fitilun ado, an jona su a wayar da ba ta mutuwa da makulli. In ka zare duka ba ta faɗi ba, a duba altaneto, wani lokacin shi ke caji da rana ya tsotse da dare.

In ta kama sai an jona maka batir, ja zuwa tarawar mataccen, ɗayan bakin jan zuwa tarawar mai rai, baƙa zuwa ragin mai rai, bakin ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu nesa da batir. Ka duba alamar da idonka kar ka dogara da kalar waya, don juya kan batir sau ɗaya ya isa ya ƙona babban fiyus da altaneto.

Akwai inda ya kamata ka tsaya. Wayoyi da soket masu launin rawaya a ƙarƙashin sitiyari da kujeru na jakar iska ne, kar ka sa musu mita ko testa. Masu launin lemo a mota mai haɗin batir da fetur wuta ce mai kisa. In allon mitoci ko allon rediyo yana ɗaukewa in mota ta yi zafi ya dawo in ta huce, galibi dalmar ciki ce ta tsage saboda faɗaɗa da tsukewa, masu gyaran allo suna sake narka ta ba sai an sayi sabo ba. In fitilar cek injin ce ta kawo, a sa mata na'urar sikanin, soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari mai rami 16, ka ɗauki hoton lambar da ta fito kafin a goge, kuma ka sani lambar layi take nunawa, tana iya cewa sensa alhali ɓera ne ya ci wayar sensan.

In ka ji ƙaurin roba ko ka ga hayaƙi daga dashbod, gangara gefe, kashe mota, fitar da kowa, in babu harshen wuta a bonet ka cire baƙar wayar batir. Shi ya sa sifana 10 ɗina a aljihun ƙofar direba take zama ba a but ba, kusa da ita kuma abin kashe gobara. In ka kai ta wajen mai wayarin, ka gaya masa abin da ka auna da lambobin da ka gani, ka tsaya a wurin, duk wayar da ya yanka ka ce ya haɗa ta da dalma ya sa mata robar da ake ƙonawa ta kama, don salatif ɗin da ake naɗawa bazara ɗaya gam ɗinsa ke narkewa ya warware ya bar wayar tsirara a bayan dashbod.